"Ai Keke Ne Ya Yi": Magana A Kan Ladan Mai Surfani A Zangonmu



Wanda bai taɓa zama a zauren dattijo riƙe da alƙalami ba zai ɗauka rigimar gado da ta aure da ta iyakar fili su ne suka fi cinye mana takarda. A yawancin watannin shekara haka abin yake. Amma daga tsakiyar azumi zuwa mako biyu bayan ƙaramar Sallah, sannan kuma a kwanakin layya, ƙarar da ta fi kowace yawa a bakin ƙofarmu ita ce ta tela da mai riga. Shekara goma sha bakwai ke nan ina rubuta wa dattijon unguwarmu a nan Kumasi abin da aka kawo gabansa da yadda aka rabu, kuma na lura ƙorafin iri biyu ne. Ɗaya na saɓa alkawari ne, an ce Laraba, riga ba ta fito ba sai da aka sauko daga Idi. Wannan tsohon ciwo ne, har barkwanci ake yi da shi. Ɗayan na kuɗi ne, kuma kusan kullum a kan surfani yake tashi. Ɗinkin kaftani da wando kowa ya san abin da ake biya daga Aboabo har Asawase, in an samu bambanci bai taka kara ya karya ba. Aikin wuya da ƙirji da aljihu kuwa ba shi da mudu, kowa da abin da zuciyarsa ta raya masa, mai yi da mai biya.

Ni ba baƙon allura ba ne. A zauren da na yi karatun littattafai, manyan ɗalibai da surfanin hannu suke ciyar da kansu. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, shi yake zana aikin a jikin riga da alƙalamin da yake rubutun allo da shi, domin tun asali zayyanar babbar riga a hannun masu tawada take. Ya fitar da aska biyu ko aska takwas, ya zagaya tambari, ya tsara gidan biyar da dagi, sannan a miƙa wa ɗalibi ya zauna a kai. Riga ɗaya takan cinye watanni. Ban taɓa jin an yi jayayya a kan ladanta ba, kuma da na girma na gane dalili: mai rigar yana wucewa safe da yamma yana ganin mutum a duƙe a gindin bango, zare a baki, wata na bin wata. Idonsa ya riga ya ba da shaida kafin a zo maganar biya. Yau mutum ya ajiye yadinsa ranar Litinin, ya dawo Alhamis ya tarar da ƙirjin riga cike da aiki, wahalar da ke tsakani bai gan ta ba. Da an faɗi kuɗi sai ya ce: "Haba, ai keke ne ya yi."

Wannan kalma ita ce uwar rigimar, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Abin da muke haɗawa mu kira aikin keke kala biyu ne masu nisa da juna. Akwai injin kwamfuta, wanda ake loda masa zane, a ɗaure yadi a cikin firam, a danna, ya yi ta saƙa da kansa, yaro na tsaye yana jiran zare ya tsinke ya ƙulla. Mai kai da yawa yakan fitar da riguna masu yawa a tashi ɗaya, duka iri ɗaya kamar an buga hatimi. Sannan akwai keken da mutum yake tuƙawa. Tsohon cikinsu shi ne na kamfanin Cornely na Faransa, wanda asalinsa tun ƙarni na 19, mai ɗan hannu a ƙarƙashin tebur. Ƙafa tana ba shi gudu, hannun dama yana ƙasa yana murza wannan hannun, duk inda aka murza nan ɗinkin sarƙa zai nufa, na hagu yana sama yana lallaɓa yadi. Sai kuma irin Singer 20U da 'yan'uwansa masu ɗinkin zigizaga, wanda gwiwa ce take buɗe faɗin ɗinki ta tsuke shi, hannaye biyu suna juya yadin a ƙarƙashin allura mai gudun da ido ba ya iya bi. A waɗannan biyun, keke bai san fure ba, bai san aska ba, huda kawai ya sani. Kowane lanƙwasa daga kan mutum ya fito ya bi ta gaɓoɓinsa huɗu a lokaci guda. Na sha tsayawa a bayan gwani ina kallo, na ga yadda yake riƙe numfashi idan zai zagaya tambari, domin in hannu ya yi rawa ko da ƙanƙani zagayen ya karkace, warware shi kuwa zai bar ramukan allura a jikin shadda har abada. Ka zaunar da ni a kan wannan keke, ni da na iya na hannu, abin da zan fitar ko tsumman goge tebur ba zai yi ba.

To me ya sa mai wannan gwaninta yake kasa faɗin kuɗinsa da bakinsa? Rabin amsar ita ce shi kansa bai san su ba. Akwai wani matashi mai shago kusa da mu da na zauna da shi a shekarar 2024, bayan ya zo neman dattijo ya roƙar masa mai shago ya ɗaga masa ƙafa a kan haya. Na ce masa: "Ɗana, aiki ba ya yanke maka, dare ma ina jin ƙarar kekenka, ina kuɗin suke zuwa?" Ya ce: "Wallahi Baba, ni ma abin yana ɗaure mini kai." Na ɗauko takarda muka bi kaftani ɗaya da ya gama a ranar, mai aikin wuya da ƙirji da bakin hannu, wanda ya karɓi sidi 120 a kansa. A lissafinsa zare ya ci sidi 25, saura 95 riba ce. Muka ci gaba da tono. Takardar da ake mannawa a bayan yadi don ya tsaya, sidi 8. Wutar keke da ta dutsen guga da fitila, muka raba katin wata bisa yawan rigunan wata, ta kama wajen 7. Haya muka yi mata haka, ta ba da 15, ita da ya biya ta shekara biyu a dunƙule da bashi, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba. Allura da mai da ɗan abin da makaniki ke karɓa lokaci-lokaci, 5. Kuɗin abincin yaron da ya yanke bakin zare ya yi guga, 10. Aka tashi da 70. Abin da ya rage masa sidi 50 ne a kan aikin da ya ci awa shida, tun daga zane har ninkewa, kuma ba mu cire ko sisi ba don ranar da keken zai mutu a nemi wani.

Wani zai ce sidi 50 ai ba kaɗan ba ne, tunda mafi ƙarancin ladan yini da hukuma ta yanke a shekarar 2024 sidi 18 ne da 'yan pesewa 15. Gaskiya ne. Sai dai wancan ladan wanda bai zo da komai ba ne sai jikinsa, wannan kuwa ya zo da shekara uku ko huɗu na koyo ba albashi, ya zo da keken da ya saya da kuɗinsa. Kuma surfani ba ya samuwa wata goma sha biyu. Yana da kaka kamar noma: azumi, layya, Mauludi, da ɗan abin da bukukuwan ƙarshen shekara suka kawo. Abin da aka samu a Sha'aban da Ramadan shi ake ci a Safar. Ga kuma wani abu da ba ya shiga takarda, ni kuwa ina ganinsa a sahun gaba na masallaci: tsofaffin masu surfani da suka ajiye aiki tun kafin su kai sittin, ido ya dushe, baya ya ƙage, ba fansho. Ladan mai wannan sana'a dole ya ƙunshi wani abu na shekarun da ba zai iya zare allura ba.

A nan nake ganin akwai wani zalunci da ke ɓoye wanda masu shagon kansu ba sa son a taɓo. Yawancin arahar da muke samu a bayan yaran koyo take hawa. Maigida yana iya sallama aiki a ƙasa da ƙimarsa saboda akwai yara uku da za su kwana a kai ba tare da an biya su ba. Ranar da aka yaye yaro ya buɗe nasa, ba shi da yara, ga shi kuma ya tashi ya tarar da farashin da aka gina a kan aikin kyauta. Sai ya ga ba ya fita. Da yawa a nan suke sayar da keken su kama tuƙa babur mai ƙafa uku.

Ɗaya rabin amsar ta fi wuya, domin ta shafi zamanmu. Mu a nan tsiraru ne, kakanninmu fataken goro ne da suka bi ta Salaga suka zauna, aka yi ta auratayya har ya zama da wuya ka jefa dutse a zango bai faɗa kan ɗan'uwanka ba. Wanda zai kawo maka aiki ko kawunka ne, ko surukin yayarka, ko limamin da ya raɗa maka suna. Ya ce: "Nawa zan bayar?" Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce: "Haba Kawu, ni da kai? Ka kawo abin da ya sauwaƙa." Kowa ya tafi yana jin daɗin an yi mutunci, alhali an binne garwashi ne a cikin toka.

Ga ɗaya daga cikin waɗanda na rubuta. Wani bawan Allah zai aurar da ɗansa, ya kai wa ɗan ƙanwarsa manyan riguna uku, tasa da ta ango da ta wansa. Aka yi waccan gaisuwar ta ni da kai. Yaro ya ture aikin mutane ya yi kwana tara a kansu, ya sayi zare mai kyau da kuɗinsa don kada a ji kunya a taro. Bayan biki kawu ya aiko da abin da ko zaren bai mayar ba, tare da goro da sa albarka. Yaro bai ce uffan ba, amma ya gaya wa mahaifiyarsa. Ita kuma ta daina zuwa gidan wanta, aka yi suna a gidan ba ta leƙa ba, matan gida suka ɗauka, magana ta yi rassa har ta kai ga tono wani tsohon rabon gado da aka daɗe da binnewa. Da aka zo zaure, kawun ya rantse bai san ya yi laifi ba, kuma na gaskata shi. Ya ce: "Ranka ya daɗe, na tambaye shi, shi ya ce in kawo abin da ya sauwaƙa. Kuma ai ba na hannu ba ne." Dattijo ya juya ga yaron ya ce: "Kai kuma me ya hana ka faɗa?" Ya ce: "Baba, da wane baki zan yi wa kawuna ciniki?" Aka aika aka kira masu surfani biyu daga wata unguwa, waɗanda ba su da alaƙa da kowa, aka shimfiɗa musu rigunan ba tare da an gaya musu na wane ne ba, kowa ya faɗi abin da zai karɓa. Aka ɗauki tsakiya. Kawun ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce a ba shi wata biyu. Yaron ya yafe kashi ɗaya cikin uku a gaban mutane, kuma a wannan karon kyautar ta zama kyauta, domin kowa ya san girman abin da aka bari.

Abin da dattijo ya yi ba sabon abu ba ne, shi ne malaman fiƙihu suke kira ujratul misli, wato ladan da ake ba irin wannan ma'aikaci a irin wannan aiki idan ba a ambaci lada ba tun farko. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya wuce ta babin da aka sharɗanta a san lada a ƙulla ijara. Muna karantawa, muna fassarawa, mu fito mu ce wa tela "sai ka gama ma yi magana". Ni dai a ganina ambaton kuɗi tun farko ya fi kusa da kiyaye zumunci fiye da wannan kunyar. Mai son yi wa kawunsa alheri ya ce: "Kawu, aikin na ɗari huɗu ne, amma kai ka ba da ɗari biyu." Ya yi biyayya, ya kuma bar sana'arsa da darajarta. (Kuma a faɗa da sabon lissafi. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har gobe dattawanmu miliyan ɗaya suke kiran sidi ɗari, na kuwa taɓa rubuta ƙarar da ba ta da wani tushe sai wannan.)

Shekarar 2022 ta koya wa masu surfani wani darasi da ba su nema ba. A farkonta dalar Amurka tana wajen sidi shida, kafin ƙarshenta ta haura ninki biyu, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Zare da allura da kayan gyaran keke duk daga waje suke zuwa. Wanda ya yi ciniki a farkon wata, ya sayi zare a tsakiyarsa, aka biya shi bayan wata uku, ya yi aikin ne ya kuma ɗora sadaka a kai ba da niyya ba. Kafin wannan an sha dumso, musamman a 2015, lokacin da mai keken lantarki yake kwana a shago yana jiran a kawo wuta da tsakar dare, ko ya sayi fetur ya zuba a janareta a kan farashin da aka yanke ana zaton akwai wuta. Tun daga nan masu wayo suka koyi karɓar kuɗin zare a hannu ranar da aka kawo aiki, su saya a ranar. Ban ga aibin wannan ba ko kaɗan.

Akwai wata tambaya da takan harzuƙa masu riga: don me tela zai karɓi kuɗi fiye a kan gezna, alhali zanen ɗaya ne da wanda ya yi a kan shadda mai araha? Suna ganin ya dubi aljihunsu ne ya yanka. Wani lokaci haka ne, ba na musu. Amma akwai hujja mai ƙarfi a ɓangarensa. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai sana'ar da ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a shi ke da lamunin abin da ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, sai in an samu shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Da wannan muke yanke hukunci a zaure, kuma masu riga suna son sa ƙwarai ranar da dutsen guga ya ƙona musu yadi. To shaddar Getzner da aka saƙa a Ostiriya, wadda kuɗin yadinta kaɗai ya ninka ladan aikin sau da yawa, in man keke ya ɗiga a kanta ko allura ta ja zare, wa zai biya? Wanda aka ɗora wa ramuwa mai nauyi yana da haƙƙin ya sa wannan nauyin a cikin ladansa. Ga shi kuma a kan yadi mai tsada dole ya rage gudu, ya sa sabuwar allura, ya hana yara taɓawa. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye dalilin. A gaya wa mutum tun farko, in ya ga dama ya kai wani wuri.

Sai maganar masu karya kasuwa, wadda ta kai ga wata shekara masu surfani suka zo a ƙungiyance suna roƙon dattijo ya yanke farashi ɗaya, wanda ya sauka ƙasa da shi a ci shi tara. Kukansu yana da tushe. Injin kwamfuta ya shigo gari, kaya ɗinkakku suna zuwa daga Kano da Lome, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 rigar da aka yi wa aiki a Kano takan iso nan da arahar da mai keke ɗaya ba zai iya bi ba. Ga sabon yaye mai neman suna, wanda zai karɓi ko nawa ne don a san da shi. Aka daɗe ana muhawara. Wani malami ya kawo hadisin Anas, cewa farashi ya tashi a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade, bai yarda ba. Wani ya kawo abin da ke cikin Muwaɗɗa, na Sayyidina Umar da ya tarar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi ƙasa da na mutane, ya ba shi zaɓi ko ya daidaita ko ya bar kasuwar. Na farkon ya amsa da cewa an ruwaito Umar ya koma ya janye maganar. Dattijo ya saurari kowa, ya ce shi ba zai sa hannu a dokar da ba shi da sandar tsare ta ba.

Ina tare da shi, kuma ina da ƙarin dalili. Farashi ɗaya yana nufin aiki ɗaya ne, alhali tsakanin gwani da ɗan koyo akwai tafiyar kwana da kwanaki. In an yanke, gwani ya cutu, rago ya samu mafaka. Yin tsere da kwamfuta a fagen araha kuwa gudun da ba a cin sa ne, domin ita ba ta gajiya, ba ta ciwon baya. Abin da mai keken hannu yake da shi wanda ita ba ta da shi shi ne ya dubi faɗin ƙirjin mutum da tsawonsa ya daidaita masa zane, ya yi masa abin da ba zai gani a jikin wani ba ranar Idi, ya cika aiki ya yi tudu yadda bugu zai kwantar da shi ya yi sheƙi. Mai neman wannan yana nan, kuma yana biya. Teloli da dama sun gaya mini cewa maƙwabtanmu Asante da sauran waɗanda ba 'yan zango ba, waɗanda suka rungumi kaftani tun da gwamnati ta fito da tsarin sa tufafin gida ranar Juma'a a 2004, sukan biya abin da aka faɗa da ɗan taƙaitaccen ciniki, mu masu abin mu ne muke ja har sai an ce albarka sau uku.

Kuma a wurin maƙwabtan nan akwai abin koyi. Ka je Bonwire ka tsaya wurin masaƙan kente. Kowane zane da sunansa, kuma an san saƙa mai sauƙi, an san mai ninki biyu, mai saye ma ya san ba kuɗinsu ɗaya ba tun kafin ya buɗe baki. Sun riƙe sunayen kayansu har hukumar UNESCO ta sa kente cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024. Mu muna da sunayen da suka kai nasu tsufa, mun bar su sun zube. Yaro yau ya nuna hoto a waya ya ce "irin wannan", bai san aska ba, bai san linzami ba. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a yi masa daraja. Shawarar da na ba masu ƙungiya, wasu suka ɗauka wasu suka yi dariya, ita ce kowane shago ya rataye samfuri uku ko huɗu na aikin hannunsa, daga ɗan siririn wuya zuwa cikakken ƙirji, kowanne da sunansa da kwanakin da yake ci da kuɗin da yake farawa. Mai riga ya taɓa da hannunsa, ya juya bayan aikin ya gani, domin a baya ake gane gwani. Kowa ya sa nasa kuɗin, amma a rubuce, inda kawu ma zai gani ba sai an gaya masa ba.

Ban manta da mata ba, su da ba sa zuwa zaure. A cikin gidaje akwai masu keke suna yin mayafai da zannuwan gado da rigunan matashi na kayan ɗakin amare, kuma su ne aka fi cuta. Wuta maigida ya biya, ɗaki ba haya, lokacin kuma tsakanin girki da wanki aka tsinto shi, sai ta ga duk abin da ya haura kuɗin yadi da zare riba ne. Dillaliya ta ɗauka ta kai gidan biki ta sayar ninki biyu, ta dawo ta ba ta yadda suka yi, ta kuma cire la'ada. Wata 'yar ƙanwata da ta fara sa hoton aikinta a WhatsApp da kuɗinsa a rubuce a ƙasa ta ce mini: "Kawu, wasu sun gudu, amma waɗanda suka tsaya ba sa ce mini in rage." Yanzu aikin da take yi bai kai na da yawa ba, abin da ke shigowa kuwa ya fi.

Saura kafin alƙalami. Masu riga da yawa suna tambayata ko halal ne tela ya riƙe shi in sun fasa. Malik ya hana cinikin da ake cewa in ka fasa abin da ka ba da ya tafi a banza, Hambaliyya sun halatta. Abin da muke bi a zaure shi ne kuɗin da aka bayar wani yanki ne na lada: in an fasa kafin a taɓa aiki a mayar, in an sayi zare an fara a cire abin da aka kashe da ladan abin da aka yi, a mayar da saura. Inda muka rasa mafita har yanzu shi ne rigunan da aka gama ba a zo an karɓa ba. Kusan kowane shago yana da akwati ko buhu na irinsu. Yadin na mai shi ne, aikin da zaren na tela ne, ba a raba su. Dattijo yakan sa a aika wa mutum sau uku, na ukun ta bakin limamin masallacinsu, in yana gari yawanci a nan ake gamawa. Amma akwai wata babbar riga mai aska takwas da ke ajiye a wurinmu yau Sallah ta biyar ke nan. Mai ita ya tafi Libiya neman kuɗi, tun shekara ta biyu ba a sake jin ɗuriyarsa ba, matarsa ba ta da abin fansa, ta kuma ce ba za ta yarda a sayar da rigar mutumin da ba a tabbatar mata ya mutu ba. Telan da ya yi ta shi ma idonsa ya fara ba shi matsala, yana bin sidi ɗari uku na wancan lokaci, waɗanda yau ba za su sayi rabin abin da za su saya a da ba. Duk bayan 'yan watanni nakan fito da ita in shanya saboda asu, in mayar. Dattijo ya ce a bar maganar zuwa bayan layya, a kira malamai biyu a sake dubawa.